Sanin Taurari Ya Kan Rage Tsoron Allah?

Akwai wata gardama da ta kan tashi tsakanin dattawan ikilisiya da 'ya'yansu 'yan makaranta duk sa'ad da wata ya yi husufi. Ɗan makaranta ya ce inuwar duniya ce ta faɗa bisa wata, masana kuwa sun san ranar tun shekaru da yawa. Dattijo ya ce, “Yaro, kama bakinka. Aikin Allah ne ka ke mai da shi lissafi?” Yaron ya yi shiru don ladabi, amma a zuciyarsa ya ɗauka ubansa jahili ne. Uban kuma ya ɗauka makaranta ta cire wa ɗansa tsoron Allah. Kowa ya kwana da nasa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama ta taɓa raba gida, ta kuma taɓa sa an ƙone dukiyar mutane a ƙasar nan. Sabo da haka muna so mu dube ta a natse. Tambayar ita ce: in an tara mutane da dare an bayyana musu yadda rana da wata da taurari su ke tafiya, an rage musu tsoron Allah ne, ko kuwa an gyara shi?

Mutanen Sakkwato da sama

Mu da mu ke zaune a Sakkwato ba baƙin sama ba ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tana bakin hamada, ba manyan duwatsu ko kurmi da za su tare ido. Da bazara, tun daga Maris har Mayu, zafi ya kan kori kowa daga ɗaki, mu shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, sama ta zama rufinmu. Bayan ɗaukewar ruwa kuma, kafin ƙurar hunturu ta sauko, wanda ya fita wajen Kware ko Dange a daren da ba farin wata zai ga taurari kamar an watsa gero.

Kakanninmu ba kallo kaɗai su ka yi ba, har sunaye su ka sa. Akwai Kaza da 'Ya'yanta, akwai Mafarauci da Kare da Zomo, akwai Zara matar wata da ta ke haske a yamma, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Masana sun tabbatar Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wata duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, wani lokaci ta bi bayan rana da maraice, wani lokaci ta riga ta fitowa. Manoma kuwa suna da nasu lissafi da su ka gada ta wurin malamai. Su kan raba shekara bisa taurari 28, kowanne kwana 13, sai ɗaya mai kwana 14, a haɗa ya zama kwana 365. Tsohon manomi ya san shigar Haka'a da Zira'a da Nasara da Jabaha, ya san lokacin da shuka ta makara. Can arewa da mu, ayarin gishiri na Buzaye da ke ratsa rairayi daga Agadas zuwa Bilma, da taurari madugu ya kan riƙe hanya. Tauraron arewa ba ya ƙaura daga wurinsa, shi ya sa matafiyi ya ke dogara da shi.

Har wa yau, duk Nijeriya nan garin ta ke juyo da kunne in watan azumi ko na salla ya matso, gama Sarkin Musulmi ne ke shelar tsayuwar wata bayan an kawo shaidar gani daga garuruwa. Mu ma masu-bi ba mu fita daga hannun wata ba. Idin Ista ya kan faɗa ran Lahadi ta fari bayan cikar wata da ta zo ran 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa ba ya tsayawa rana ɗaya kamar Kirsimati, sai ya yi ta yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ashe manomi da madugu da liman da fasto, kowa yana amfani da lissafin sama, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Littafin Farawa ma ya nuna tun farko an sa fitilun sama domin a riƙa sanin kwanaki da lokatai da shekaru.

Sarkin Musulmi Bello da baƙonsa

To, ina tsoron dattawa ya samo asali? Ya samo asali ne daga gamuwar abu biyu da su ka yi kama, watau lissafin taurari da duba da taurari. Mai lissafi yana cewa ran kaza wata zai tsaya, ran kaza rana za ta yi duhu. Maganarsa kowa na iya gwada ta, in ranar ta zo ido zai shaida. Mai duba kuwa yana cewa tauraronka bai dace da na yarinyar nan ba, kada ka aure ta, ko kuwa ranar Laraba ba ta tafiya ba ce a gare ka. Ba mai iya gwada maganarsa, in kuwa ta ƙi ya kan sami wani dalili.

Tarihin garin nan ya nuna mana mutum ɗaya na iya riƙe na fari ya ƙi na biyu. A cikin Maris na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ya gaida Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sarki ya nemi ganin kayan da baƙon ya ke auna tsayin rana da su. Clapperton ya fito da su, har da taswirar sama. Cikin labarin tafiyarsa ya shaida Sarki ya san buruji duka goma sha biyu, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo cikin 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Euclid da Larabci, Sarki ya yi murna ƙwarai, gama gidansu sun taɓa mallakar irinsa gobara ta cinye. Shi wannan Bello kuwa, cikin littattafan da ya rubuta akwai wanda ya gargaɗi mutane su guji masu sihiri da masu duba da taurari.

Haka mu ma mu ka iske a namu Littafi. Annabi Ishaya ya yi wa masu duban Babila ba'a don ba su iya ceton kansu ba. Amma littafin Ayuba da na Amos sun ambaci Kaza da 'Ya'yanta da sunanta, suna nuna gwanintar wanda ya yi ta. Wanda ya hana ɗansa sanin tafiyar taurari don gudun duba, ya yi kamar wanda ya hana shi sanin itatuwan magani don boka ma yana taɓa su. Yaron da bai san gaskiyar abu ba kuwa shi ne boka ya fi saurin kamawa.

Dare ɗaya a Maiduguri

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana. Ga misali da ya faru a zamaninmu. Daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi husufi, ya rufe duka, ya koma ja. A Maiduguri waɗansu samari su ka ce zunuban gari ne su ka jawo haka. Su ka fita cikin daren su ka cinna wa gidajen giya da gidajen saukar baƙi da dama wuta. Ba mu goyon bayan shan giya ko fasikanci, kun kuwa sani. Amma wa ya naɗa su alƙalai? Da wace shaida su ka yanke hukunci? A daren nan an ga husufin a Makka da Alƙahira da London da Bombay. Da laifin wata unguwa ta Maiduguri ne, me ya kai inuwar can?

Abin da ya faru a sama ba boyayye ba ne. Wata ba shi da haske na kansa, na rana ya ke aro. In duniya ta shiga daidai tsakaninsu, inuwarta ta kan rufe shi. Jan da a ke gani kuwa hasken rana ne da ya ratsa iskar da ke kewaye da duniya ya lanƙwasa ya kai gare shi, irin jan nan na faɗuwar rana. Ba a yin husufi kowane wata domin hanyar wata ta ɗan karkace daga ta duniya, yawanci sai ya wuce sama ko ƙasa da inuwar. Tun zamanin Babila masu lura su ka gane husufi ya kan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 ko kusa da haka. Ku ɗora wannan bisa 9 ga Janairu, 2001. Ran 21 ga Janairu, 2019, da asuba, ɗan'uwan husufin nan ya komo, aka gan shi a yammacin samanmu. Ko mutanen gari sun tuba ko ba su tuba ba, bai yi jinkiri ba, bai kuma yi gaggawa ba.

Malaman Musulmi da kansu suna koyar da cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa, abin da aka umurta a yi kuwa salla ce da addu'a. Samarin nan ba koyarwar malamansu su ka bi ba, tsoro su ka bi. Tsoro marar sani kuwa ba ya zama a zuciya shi kaɗai, ya kan fita neman wanda zai ɗora wa laifi. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu ku gwada da abin da ya faru bayan shekara biyar. Ran 29 ga Maris, 2006, rana ce da kanta ta yi husufi da hantsi. Inuwar wata ta taso daga teku, ta bi ta Ghana da Togo da Benin, ta shigo Nijeriya, ta rufe Gusau da Katsina har gari ya yi duhu na 'yan mintoci, sa'an nan ta haura Nijar zuwa Libiya. Wannan ya fi na 2001 ban razana nesa. Amma tun kafin ranar hukuma ta yi ta shela a rediyo da jaridu, masana su ka yi ta bayani, aka faɗi rana da sa'a. Da abin ya zo mutane su ka fito suna kallo, masu salla su ka yi salla, masu addu'a su ka yi addu'a, ba a ga irin ta'asar Maiduguri ba. Allah bai sāke ba tsakanin 2001 da 2006, mutanen ƙasa ma su ne dai. Bambancin shi ne an faɗa musu tun da wuri.

Namu gidan ma akwai shara

Kada wani mai-bi ya karanta wannan ya ce matsalar maƙwabta ce. Tsakanin Afrilu na 2014 da Satumba na 2015 wata ya yi cikakken husufi sau huɗu a jere. Waɗansu masu wa'azi a Amurka su ka rubuta littattafai suna cewa alamar babban tashin hankali ce, waɗansu har su ka ce ƙarshen duniya ya zo. Maganar ta iso majami'unmu, aka yi ta maimaita ta. Husufi na huɗu ya zo ran 28 ga Satumba, 2015, gari ya waye, kowa ya tafi gonarsa da kasuwarsa. Wanda ya firgita mutane da ƙarya da sunan Allah, ran da ya kawo gargaɗi na gaskiya ba mai saurarensa.

Har wa yau akwai 'yan'uwa da ba su zuwa wurin boka, amma kullum su kan duba waya ko jarida su ga abin da tauraronsu ya ce. Duba ne dai, ya sa rigar zamani. Mu kan kuma ce tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Amma Edmond Halley, mutumin Ingila, cikin 1705 ya yi lissafi ya ce wata tauraruwa mai wutsiya za ta komo wajen 1758. Ya mutu cikin 1742, ita kuwa ta komo yadda ya faɗa. An sāke ganinta cikin 1910 da 1986, ana kuma jiranta cikin 2061. Ba mugun labari ta ke kawowa ba, hanyarta ce ta biyo ta nan. Annabi Irmiya ya riga ya hana jama'ar Allah firgita da alamun sama yadda al'ummai ke yi.

Amsa ga dattijo

Duk da haka dattijon nan yana da magana, ya kamata a ji shi. Zai ce, “Na ga dare irin wannan ya sa mutumin da ya yi shekara bai yi addu'a ba ya durƙusa. In kun gaya masa inuwa ce kurum, kun tashe shi daga durƙuso.” Zai ƙara da cewa ya ga masu ilimi da ilimi ya kumbura su har su ka ce ba Allah. Duka biyu sun faru, ba mu musu.

Amma tsoro iri biyu ne. Akwai tsoron bawan da bai san halin ubangidansa ba, ko tari ubangidan ya yi sai gabansa ya faɗi. Irin wannan tsoro ya kan wuce da wucewar inuwa. Mutumin da husufi ya durƙusar, da wata ya washe sai ya koma inda ya fito, gama ba zunubinsa ya gani ba, duhu ya gani. Akwai kuma tsoron ɗan da ya shiga maƙerar ubansa ya ga aikin hannunsa, ya rasa ta cewa. Wannan tsoro sani ne abincinsa.

Ku duba. Daga nan zuwa wata wajen kilomita 384,000 ne, zuwa rana kuwa wajen kilomita miliyan 150. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ya ke iya rufe ta cif kamar faifai bisa ƙwarya. Haske, wanda ba abin da ya fi shi gudu, ya kan yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu daga rana. Daga Kaza da 'Ya'yanta kuwa ya kan yi wajen shekara 440 a hanya. Watau hasken da yaro zai gani yau da dare ya taso tun fiye da shekara ɗari biyu kafin a gina birnin Sakkwato cikin 1809. Wa zai ji wannan ya ƙara girman kai, in ba wanda ya zo da girman kansa tun daga gida ba? Sarki Dawuda da ya dubi wata da taurari, ƙanƙantar ɗan adam ya tuna.

Game da cewa inuwa ce kurum, manomi ya san ruwa daga gajimare ya ke zubowa, bai kuwa daina godiya ba. Ungozoma ta san watannin ciki, ba ta ce ita ta halicci jariri ba. Sanin yadda abu ya ke aukuwa bai kori wanda ya shirya shi ba. Mai lissafi ya iya faɗin ranar husufi tun shekara ɗari domin wanda ya kafa ƙa'idar ba ya saɓa ta. Da sama ta ga dama ce ta ke bi, da ba lissafi, ba shuka, ba hanya cikin rairayi. Amincin tafiyar taurari shaida ne bisa amincin Mai-yinsu.

Hakkin wanda ya sani

Daga nan wani nauyi ya hau kan waɗanda su ka yi karatu. In ka san ran da gari zai yi duhu, maƙwabcinka bai sani ba, ka kuwa yi shiru, kana da rabo cikin abin da tsoronsa zai haifa. In ka faɗa masa da reni, ka rufe kunnensa. Ɗan makarantar da ya yi wa ubansa dariya a zuci bai fi uban ba, gama uban ya san shigar Nasara da fitar Jabaha, shi kuwa ko Gamzaki ba zai iya nunawa ba. Fitilun birni da hasken waya sun sa yara da yawa sun girma ba su ɗaga kai ba.

Sabo da haka muna ba ikilisiyoyi shawara. Ku zaɓi dare cikin Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da sama ta wanku, wata kuma bai yi girma ba. Ba sai an yi nisa ba, filin makaranta ko harabar majami'a ya isa, balle in an ɗauke wuta. Ku kira tsohon manomi ya nuna taurarin da ya sani, ya faɗi sunayensu da amfaninsu, yara su rubuta kada su ɓace. Ku kira malamin makaranta ya zo da fitila da ƙwallo da lemo. Fitila ta zama rana, ƙwallo duniya, lemo wata, ya jera su kowa ya ga yadda inuwa ke faɗuwa. Gani ya kori ji. Ku gayyaci maƙwabta, gama sama ɗaya ce ta rufe mu duka, a cikinsu kuma akwai waɗanda su ka fi mu sanin lissafin wata, za mu ƙaru da su.

Ku kuma faɗa wa jama'a abin da ke zuwa. Ran 2 ga Agusta, 2027, rana za ta yi cikakken husufi a arewacin Afirka, har da Masar, mu kuwa a nan za mu ga wani sashinta ya rufe. Ran 20 ga Maris, 2034, inuwar wata za ta sāke ratsa Nijeriya. Ku gargaɗi yara da manya kada su dubi rana da ido, ko da baƙin tabarau, ko cikin ruwan kwano, gama ta kan ƙone ido ba tare da an ji zafi ba. A huda takarda da allura, a bar hasken ya faɗa bisa wata takarda, ko kuwa a dubi ƙasa a gindin dogon yaro, za a ga siffar ranar ta fito ɗari-ɗari tsakanin inuwar ganye.

Ya ku 'yan'uwa, kada mu jira sama ta yi duhu kafin mu binciki zukatanmu, wannan aikin kowace rana ne. In kuwa ta yi duhun, bari ta iske mu tsaye tare da 'ya'yanmu da maƙwabtanmu, mun san abin da mu ke gani, muna girmama wanda ya yi shi, ba mai neman laifin wani. Allah ya ba mu irin wannan tsoro. Amin.